Rigar da Ka Ninke a Bakin Tafki

Zuwa ga angona Abba,

Assalamu alaikum. An saba a ce bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, to ni ba zan ce ba, don na san inda kake, na kuma san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana da rai ma ai ba karantawa za ka yi ba. Ka tuna saƙon da na zauna na danna maka a waya da yatsa ɗaya tun daga azahar har la'asar, ka aiko mini da ɗan hoton fuska mai dariya, ka ce Hausar rubutu ciwon kai take sa ka? To yau ba ka da bakin ƙorafi. Na yago takardu a tsohon littafin makarantar ƙanwarka Nana, na ari bironta, zan rubuta yadda na iya. Aji huɗu na yi a firamare, sauran a makarantar manya na tsinta. In na yi kuskure ka taso ka gyara.

Fushi nake yi da kai. Gara in faɗa maka tun a farkon takarda, kada ka kai tsakiya kana jiran yabo. Yau kwana hamsin da uku kowa na ce mini Inna haƙuri, Inna ƙaddara ce, Inna wanda ruwa ya ci ai shahidi ne. Na yarda. Ban ja da ikon Allah ba, Allah ya tsare ni. Da kai nake ja. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu, an tura ka Siwidin karatun injiniya, ka rasa abin da za ka mutu a kansa sai kare? Karen ma ba naka ba, na mutane? Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? Shi ya fito. Ya girgiza jikinsa ya koma gida a jiƙe. Yanzu haka na tabbata yana can kwance a ɗaki mai ɗumi, an rufa masa bargo.

Kuma saboda kai, ga ni yau zaune a kan akwati. Babanka yana duba mini jirgin komawa Kano. Shekara goma sha shida ina wannan bene na unguwar Wangsa Maju a ƙasar Malay, hawa na sha ɗaya. Ni na riƙe ka lokacin da uwarka ke karatu, ni na goya Nana, ni na koya wa uwarka dama fura da yogot ɗin kanti. Yanzu ta ce ba za ta iya ci gaba da zama gida ɗaya da ni ba. Kuma ba ta yi laifi ba. Zan gaya maka dalili, amma bari in fara ba ka labarin gida, don in na fara da wancan hannuna ba zai riƙe biron ba.

Babanka ya je, shi ya sa ka a ƙasa tare da 'yan masallacin garin. Ya ce ƙasar ta daskare, sai da aka kawo injin haƙa. Kai da ko fanka aka ƙara wa gudu sai ka nemi mayafi! Ya dawo a rame, wandunansa duk sun yi masa yawa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa tsautsayi ne a ruwa, ya tsaya nan. Kalmar kare ba ta fitowa daga bakinsa. Kunya yake ji. Kai ka jawo masa wannan ma, ɗan mutunci, malamin jami'a yana sunkuyar da kai kamar wanda ɗansa ya yi sata.

Matanmu Hausawa na unguwar Cheras sun zo mota biyu, har da Hajiyar nan mai sayar da daddawa da kuka, wadda kake toshe hanci in ta shigo lif. Ta yi kuka sosai, Allah ya saka mata, sannan da na raka ta bakin ƙofa ta sassauta murya ta tambaye ni ko busasshiyar kuɓewata ta ƙare. Makcik, maƙwabciyarmu 'yar Malay ta ƙofar da ke kallon tamu, kwana bakwai tana kawo abinci. In ta ga ban taɓa ba sai ta tsaya a kaina tana makan, makan lah, wato ci, ci mana, kamar ni ce jaririyar gidan. Mutumin kedai, ɗan kantin nan na ƙasa, wanda kake sayen gurasar roti a wurinsa, ya tambaye ni yaushe za ka zo hutu. Ba ni da Malay ɗin da zan gaya masa, sai na tsaya ina kallonsa har ya gane da kansa, ya cire hularsa. Nana haƙoranta biyu na gaba sun fita, in tana magana iska na wucewa. Ruwa kuma kullum da la'asar, ba ya fashi. Wurin shaƙatawa na Titiwangsa ban sake zuwa ba. Can nake kai ka kana ƙarami, ina riƙe da hannunka gam har ka ce ina murɗe maka yatsu, don kada ka matsa kusa da tafki. Shekara nawa na yi ina tsare ka daga wannan ɗan ruwan mai jiragen wasa? Ashe aikin banza na yi.

To yanzu mu zo kan karen.

Ranar da ka fara nuna mini shi a waya ina zaune a falo, zufa na bin bayana, fanka na kaɗa iska mai zafi. Kai kuma kana cikin wani daji fari fat, itatuwa dogaye kamar turakun lantarki, ƙanƙara ta lafta musu kaya har rassan sun sunkuya. In ka yi magana hayaƙi ke fita a bakinka. In ka taka ƙasa sai in ji ƙurus ƙurus, na ce maka wa ke cin ƙuli-ƙuli a bayanka? Hancinka ya yi ja, ka naɗe kai da wuya kamar mai jego. Ga wani abu mai gashi buzu-buzu kamar tsumman goge daɓe yana jan ka da igiya, har da 'yar rigarsa. Ka ce na tsohuwar da kake zaune a gidanta ne, an yi mata aiki a gwiwa ba ta iya fita da shi, shi ya sa kake taimaka mata duk Asabar. Sunan da ka faɗa bai shiga bakina ba, sai na sa masa Ɗan Gata. Na ce ka wanke hannu sau bakwai kafin ka taɓa wayar da kake kirana da ita. Ka yi dariya ka ce Inna safar hannu biyu gare ni.

Na ji daɗin wannan dajin, ba zan ɓoye maka ba. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji. Duk Asabar bayan la'asar, lokacin uwarka ta tafi cefane, babanka yana ɗakinsa da takardu, sai in gyara zama in jira. Ka nuna mini sawun barewa, ka nuna mini wani tsuntsu mai jan ƙirji, ka girgiza reshe ƙanƙara ta zubo maka a ka don kawai in yi dariya. Ka ce wurin shiru ne har kana jin bugun zuciyarka. Na ce ashe akwai inda bakinka ke hutawa.

Asabar ta uku ce na buɗe wannan bakin nawa. Na ce wai kai ke yawo da kare ko kare ke yawo da kai? Na ce tattaɓa-kunnen maharbi guda, an ɗaure ka da dabba kamar mai kai rago kasuwa. Na ce ubana karnuka shida gare shi, ba wanda ya taɓa ganin igiya a wuyansa, fito ɗaya yake yi su hallara. Ka ce a lokacin sanyi doka ba ta hana a sake shi ba, amma tsohuwar ta ce kada ka kwance shi a wajen tafki, don in ya ga tsuntsu ba ya ji ba ya gani. Me na ce maka? Na ce au, ka samu wata tsohuwar a can, ita kake bi, ta gida ta zama tsumma? Na ce kwance shi in ga gudunsa, ko ba ka isa ya ji kiranka ba?

Ka kwance.

Abba, na ga gudu. Ya harba kamar an cilla shi, ya nutsa hancinsa cikin ƙanƙara yana huda ta kamar garma, ya yi birgima, ya tashi fari sol, ya zagaya ka sau uku yana haushi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ka yi fito, ya dawo ya zauna a gabanka yana haki. Ka juyo da wayar fuskarka, ka ce in faɗa, jinin maharba ne ko ba shi ba? Na ce shi ne, angona ya cika namiji. Daga ranar, duk Asabar da kun shiga daji igiya aljihu take komawa, ni kuma ina nan ina tafa maka.

Wannan ɗaya ke nan. Da shi kaɗai ne da wataƙila na iya haɗiyewa in mutu da shi. Akwai na biyu, kuma shi ne ban taɓa gaya maka ba.

Ka tuna labarin Duna? Yaya za ka manta, kai da ka sa na ba ka shi ya fi sau ɗari. Baƙin karen ubana, wanda ya bi gada har cikin rafi ranar da ruwa ya kawo. Ka san yadda nake ba ka shi. Ruwa ya ɗauki Duna yana juya shi. Baba ya tsaya a gaɓa, ya tuɓe rigarsa, ya ninke ta tsaf, ya ɗora kwari da baka a kai, ya faɗa ruwa. Ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, ya cafko Duna ta ƙeya, suka fito tare, ya yafa rigarsa busasshiya suka tafi gida. A wurin ninke rigar nan kake tsayar da ni kullum, ka ce in sake. Har kwaikwayo kake yi da tawul a tsakiyar falo.

Ƙarya ce, Abba.

Ubana bai shiga ruwan nan ba. Ina wurin, ina 'yar shekara tara, na kai masa fura. Ya tsaya a gaɓa ya yi fito, ya kira Duna, ya sake kira, ya bi gaɓar da gudu har inda sarƙaƙiya ta tare shi. Ruwa ya tafi da kare muna kallo. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya kama hannuna muka koma gida. Kwana biyu bai ci abinci ba. Da wani ya ce masa ai ka iya ruwa, don me ba ka bi shi ba, cewa ya yi yana da 'ya'ya bakwai. Haka abin ya faru, kuma haka na fara ba ka shi, shekarar da na zo, kana ɗan shekara shida. Kai ba za ka tuna ba. Ka fasa kuka, kuka mai shiɗewa, ka ƙi cin abinci, ka ce Baba mugu ne. Uwarka tana da jarrabawa washegari, ta leƙo ta ce Inna don Allah a lallashe shi. Sai na ce tsaya tsaya, na manta, ba haka aka yi ba. Nan take na ƙirƙiro rigar, na ƙirƙiro nutson, na fito maka da Duna da rai. Ka share hawaye ka ci tuwonka. Ni kuma na ji daɗin kaina, na ce kai, Ladi, kin iya labari. Shekara goma sha shida ina ƙara masa gishiri. Har wani ƙaton kada na taɓa sakawa a ruwan.

Da babanka ya dawo, ya zaunar da mu ya faɗi abin da 'yan sandan can suka gaya masa. Sun karanta komai a sawu, don ƙanƙara ba ta ɓoye sawu. Ga sawun kare ya bar hanya ya hau kan tafkin da ya daskare, ga inda ya fashe da shi. Ga sawunka da gudu har gaɓa. Kuma a gaɓar suka tarar da babbar rigar sanyinka a ninke, an ɗora igiyar karen a kai.

A ninke! Kai! Kai da ban taɓa ganin ka ninke ko hankici ba, kai da ɗakinka kamar an yi dambe a shagon gwanjo. Uwarka ta ce ko me ya sa ya tsaya ninke riga? Babanka ya ce Allah kaɗai ya sani. Ni na sani. Na tashi na shiga bayi na kunna famfo don kada su ji ni.

To gaya mini, wane irin mai ilimi ne kai? Ka yi makarantar Turanci, ka yi ta Malay, kana lissafin da babanka ma sai ya sa tabarau, ka kasa gane tsohuwa na zuba maka? Ni da na ce maka na taɓa kokawa da kura a kan hanyar rijiya? Ni da na ce maka haƙorin Makkan nan nawa aljani ne ya ba ni? Waɗannan duk ka yi dariya ka ce Inna kin fara. Me ya sa wannan ɗaya ka riƙe? Me ya sa ba ka tsaya a gaɓa ka yi ihu ba? Waya tana aljihun rigar da ka ninke, me ya hana ka kira mutanen da aikinsu ke nan? Ba ka tuna kana da uwa ba? Ba ka tuna akwai tsohuwa a hawa na sha ɗaya da ta riga ta zaɓi wanda zai sa ta a kabari ba? Kai ne za ka riƙe ni ta wajen kai, na faɗa maka, ka ce ba ka so in riƙa irin wannan magana. To ga shi ka gudu ka bar mini aikin a wuyan babanka shi kaɗai.

Ranar ma ka kira ni. Ina Cheras wurin suna, waya tana cikin jaka, mata na ta surutu. Sai da na dawo na ga kiran. Na yi ta cewa da na ɗauka da ban bari ba. Ita ma ƙarya ce. Da na ɗauka cewa zan yi kwance shi in gani.

Kwana arba'in da 'yan kai na yi shiru. Uwarka kuwa ta sami wanda za ta ɗora wa, wato tsohuwar nan mai kare. Safe da yamma tana kai ƙararta wurin Allah. Ta ce ta mayar mata da ɗa bawan kare, ta tura shi daji cikin sanyi ita tana kwance. Ta ce Abba yaro ne mai taka-tsantsan, ba zai kwance kare da ra'ayin kansa ba, ita ce ta ce ya sake shi ya motsa jiki. Matar ta aiko da takarda da hotonka kana share mata ƙanƙara a ƙofar gida. Babanka ya karanta ya fassara, matar ta ce ba ta iya kallon karen yanzu, ta ce da ita ce ta tafi. Uwarka ta karɓa ta yayyaga. Ina zaune ina jan carbi. Carbi, Abba! Ka ga munafunci?

Sai makon jiya na ji suna maganar lauya. Uwarka ta matsa sai an kai ƙara a can, a tuhumi tsohuwar. Mace mai ciwon gwiwa, wadda ta gaya maka gaskiya ka ƙi ji saboda ni. Nan ne abin ya ƙi haɗiyuwa. Na sami uwarka a kicin tana wanke shinkafa. Ban zauna ba, na tsaya a bakin ƙofa kamar mai bara, na faɗa mata duka, na igiya da na riga. Ban yi kwana-kwana ba, karo na farko a rayuwata na ba da labari ban sa masa ado ba.

Ba ta yi ihu ba. Na so ta yi. Ta gama wanke shinkafarta, ta tsiyaye ruwan, ta zuba a tukunyar lantarki ta danna, ta goge hannunta a zani. Ta wuce ta gefena ba ta taɓa ni ba. Da babanka ya dawo na ji ta ta bango, ta ce ta bar maganar lauya, amma ya zaɓa mata, ko ita ko ni. Yaron nan ɗana ne, amma tausayi ya ba ni. Ya shigo ɗakina ya durƙusa yana ta murza hula, ya ce Inna ko za ki je gida ki ɗan huta, ki ga dangi. Na ce masa tashi, ba sai ka yi mini ƙarya ba, maƙaryaci ɗaya ya ishi gida.

Ga inda muke. Biro ya fara ƙin rubutu, kuma an kira magariba.

Na dawo. Kwana huɗu takardar nan tana ƙarƙashin filo.

Shekaranjiya da hantsi uwarka ta turo ƙofata, ba sallama, riƙe da hannun Nana. Ta zaunar da ita a gabana, ita ta tsaya a tsaye. Ta ce in ba yarinyar labarin Duna, na gaskiyar, tana ji. Nana ta ce ai ta san shi, Baba ya ninke riga. Uwarka ta ce ba ta san shi ba.

Na ba ta. Na kai Duna cikin ruwa, na tsayar da Baba a gaɓa, na bar shi a nan. Nana tana ta jira. Ta ce sai ya shiga ko? Na ce bai shiga ba. Ta ce sai wani ya zo da jirgi? Na ce ba wanda ya zo. Ta koma Turanci, kamar yadda kuke yi in ranku ya ɓaci, ta ce ba a yi wa Duna adalci ba. Sai baki ya karkace, irin karkacewar naka sak, sai kuka. Abba, harshena har ƙaiƙayi yake. Na ga hanyoyi uku da zan fito da karen nan, har da wani masunci da na ƙirƙira nan take, na ma sa masa suna. Na cije leɓe na danne shi. Na ce Duna ya mutu, Baba ya koma gida, ya aurar da 'ya'yansa bakwai, ya tsufa har sai an jiƙa masa ƙosai a koko. Ta yi kukanta ta gaji, ta tashi ta ce ba ta ƙara jin labarina. Da azahar ta ci abincinta. Ka ji? Ta ci. Awa biyu kawai. Abin da na kasa jurewa a kanka ke nan, kukan awa biyu.

Uwarka ba ta fita ba. Ta zauna a bakin gadona, inda akwatin yake, ta daɗe tana kallon zip ɗinsa. Sannan ta tambaye ni wai ni ma ina jin haushinka? Na ce haushi? Da za a ba ni kai minti biyar, da muciya zan fara, gaisuwa ta biyo baya. Ta ce ita tun ranar take neman wanda za ta gaya wa haka ta rasa. Kowa shahidi, kowa haƙuri, babanka in ta fara sai ya ce ta yi istigfari. Ta ce wata tara ta ɗauke ka, aka yanka ta aka ciro ka, ka je ka ba kare ranka. Na ce wawa ne. Ta ce babban wawa. Na ce ga taurin kai. Ta ce ga rashin jin magana, sai wadda bai kamata ya ji ba. Wannan ni ta soka, na karɓa. Muka zauna muka wanke ka tas, tun daga kofunan shayin da kake tarawa ƙarƙashin gado har takalmin da ka ɓatar ranar sallah. Ban san lokacin da muka koma kuka ba.

Da za ta fita ta ce kada in ɗauka ta yafe. Ta ce ba ta sani ba ko za ta iya, kuma kada in tambaye ta. Amma in kwance akwatin, don in na tafi ba ta da abokin faɗa da kai. Ta ce kuma in shirya, ni zan faɗi abin da za a rubuta wa tsohuwar can, babanka ya juya shi Turanci, kuma kada in kuskura in ƙara gishiri.

Saboda haka ina nan. Ba ta gaishe ni da safe har yanzu, sai dai ta ajiye shayi ta wuce. Amma bayan la'asar, in ruwa ya sauko, takan zo mu zauna mu ci mutuncinka. Ka shirya, abin zai daɗe, don mu biyu ne kuma ba inda za ka gudu.

Ina yi maka addu'a kowace salla, kada ka ce ban yi ba. Allah ya jiƙanka, ya ɗumama maka wannan ƙasa mai sanyi, ya karɓe ka a shahidin da suke faɗa. Ni dai ban huce ba. In Allah ya haɗa mu, kada ka taho da gudu kana Inna Inna. Ka tsaya daga nesa tukuna, ka bari in gama.

Sai na zo.

Kakarka, amaryar da ka bari,
Inna Ladi